FILIN TARBIYYA: Haddar Tarihin Duniya Ga Yaran Da Ke Karatu A Gida

 A makon nan za mu ƙetare teku mu leƙa ƙasar Amurka, inda wata al'ada ta kafu a tsakanin iyayen da suka ɗauke wa makaranta nauyin koyar da 'ya'yansu, suka mai da ɗakunansu azuzuwa. A irin waɗannan gidaje akan sami yaro ɗan shekara bakwai ya miƙe tsaye ya rero manyan al'amuran tarihin duniya fiye da 150, ɗaya na bin ɗaya, tun daga daulolin farko har zuwa zamaninmu, ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Duk wanda ya ji haka sai ya jinjina kai. Amma in mai lura ne, lalle zai tambayi kansa, shin yaron nan tarihi ya sani, ko kuwa waƙa ya iya? Wannan tambaya ce za mu bi diddiginta yau, domin ta shafi kowane mahaifi da ke son ɗansa ya san duniyar da aka haife shi a cikinta.

MAFARIN AL'AMARIN

Sai a shekarar 1993 ne karatun gida ya zama halal a dokar dukkan jihohi 50 na Amurka. Ma'aikatar ilmi ta ƙasar ta ƙiyasta cewa a 1999 yara wajen 850,000 ne ke karatu a gida, kafin 2016 kuwa sun kai kimanin miliyan 1.7. Da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, hukumar ƙidaya ta ƙasar ta gano cewa a cikin gidajen da ke da yara 'yan makaranta, masu koyarwa a gida sun tashi daga kashi 5.4 cikin ɗari zuwa kashi 11.1 a 'yan watanni. Waɗansu addini ne ya sa su, waɗansu tsoron halin da makarantu ke ciki, waɗansu kuwa ganin cewa karatun aji bai ƙosar da 'ya'yansu ba.

To, uwar da ta zama malama dare ɗaya tana bukatar tsarin da za ta bi. Da yawa daga cikinsu sun samo nasu ne daga wata lacca da wata marubuciya 'yar Ingila, Dorothy Sayers, ta gabatar a Oxford a 1947. A ganinta karatun yaro hawa uku ne. Hawan farko shi ne lokacin da yaro ke jin daɗin maimaita magana da haddace ta, har ma ta laƙaba wa wannan lokaci sunan aku. Na biyu shi ne lokacin gardama da neman dalili. Na uku kuwa lokacin da matashi ke son ya bayyana ra'ayinsa da kyakkyawan lafazi. Saboda haka, in ji ta, a cika wa yaro rumbu da sunaye da shekaru tun yana jin daɗin hadda, in ya girma ya sami abin da zai yi gardama a kansa. Ya kamata mai karatu ya san cewa ita kanta ta faɗa a cikin laccar cewa daga tunawa da ƙuruciyarta ta tsamo wannan rabe-rabe, watau ba sakamakon gwaji a aji ba ne.

Duk da haka shawarar ta yi rassa. A 1999 Susan Wise Bauer da mahaifiyarta Jessie Wise suka wallafa littafin da ya zama jagoran dubban gidaje, inda suka raba tarihin duniya kashi huɗu, kowane kashi shekara guda: zamanin da, da tsakiyar zamani, da farkon zamanin yanzu, da kuma daga 1850 zuwa yau. Yaro zai zagaya wannan da'ira sau uku a cikin shekara 12, kowane zagaye ya fi na baya zurfi. Kafin wannan, a 1997, wata mata mai suna Leigh Bortins ta kafa wata ƙungiyar iyaye Kirista a jihar Karolina ta Arewa, ana ce da ita Classical Conversations. Su ne masu waƙar da muka ambata. Al'amura 161 ke cikinta, yara na ɗaukar bakwai kowane mako har mako 23.

DABARAR AJIYA A WURARE

Waƙa ɗaya ce kawai daga cikin dabarun da waɗannan iyaye ke amfani da su. Wadda ta fi suna ta girmi Amurka da fiye da shekara dubu biyu. Sisero, mashahurin mai jawabin nan na Rum, ya kawo labarinta a littafin da ya rubuta a shekara ta 55 kafin Miladiyya. An ce wani mawaƙi Bagirke mai suna Simonidis ya halarci walima a gidan wani attajiri, aka yi kiransa waje, fitarsa ke da wuya sai rufin ɗakin ya rufta a kan baƙi, har dangi suka kasa gane gawawwakin 'yan'uwansu. Sai mawaƙin ya rufe ido ya tuna inda kowa ya zauna, ya bi wuri wuri yana faɗin sunaye. Daga nan ya gane cewa ƙwaƙwalwar ɗan Adam ta fi riƙe wuri da siffa a kan tsurar magana, kuma duk wanda ke son ya riƙe abubuwa a jere, to ya mai da su siffofi ya ajiye su a wuraren da ya sani.

Bari mu gwada, domin gani ya kori ji. A ɗauki gidan da yaro ya tashi a ciki, a zaɓi wurare goma da yake ratsawa kullum, a bi su ta hanya ɗaya wadda ba za a riƙa canzawa ba. A ƙofar gida ga wani mutumin Sumer, watau Iraƙi ta yau, ya tare hanya yana tsaga rubutu da tsinke a kan ɗanyen yumɓu: mafarin rubutu ke nan, wajen shekara ta 3200 kafin Miladiyya. A zaure babbar dalar Giza ta tsiro har ta huda rufi, wajen 2560 kafin Miladiyya. A tsakar gida sarkin Sin na farko na zaune da allura yana ɗinke ƙasashen da ya ci da yaƙi su zama ƙasa ɗaya, a 221 kafin Miladiyya. A bakin rijiya gaggafar nan ta tutar Rumawa ta faɗa ciki tsundum, alamar faɗuwar daular Rum ta yamma a 476. A gindin bishiya raƙuma sun durƙusa suna hutawa a kan hanyar Makka zuwa Madina, shekarar Hijira, 622. A madafi Mansa Musa na Mali na zuba garin zinariya a tukunyar tuwo, tafiyarsa aikin hajji a 1324. A wurin turmi Gutenberg Bajamushe na daka, takardu bugaggu na tashi sama maimakon gari, wajen 1450. A cikin randa jiragen Kolombus guda uku na shawagi, 1492. A gindin rumbu Turawa sun kewaye taswirar Afirka da wuƙaƙe kamar masu rabon kilishi, taron Berlin na 1884. A ƙofar baya kuwa tuta mai kore da fari da kore tana kaɗawa, 1960.

Wanda ya karanta wannan a natse ya ɗaga kai daga jarida ya bi gidan da zuciyarsa, zai ga yawancinsu sun zauna. Sirrin abin shi ne siffar ta zama mai ban dariya ko ban mamaki, kuma ya fi kyau yaron ne da kansa ya ƙago ta, domin abin da mutum ya gina da hannunsa ba ya saurin ɓace masa. Wanda ke zaune a ɗakin haya a Agege ko Sabon Ibadan, hanyar da yaro ke bi zuwa kasuwa ko masallaci ta isa ta tsaya a madadin gida.

Masana sun gwada wannan dabara. A 2017 Martin Dresler na Jami'ar Radboud a ƙasar Holan da abokan aikinsa suka horar da mutanen da ba su taɓa sanin ta ba, rabin sa'a kullum har kwana 40. Kafin horon, a cikin kalmomi 72 suna iya tuna wajen 26, bayansa kuwa suka kai 62, kuma bayan wata huɗu ƙwarewar ba ta gushe ba. Manya aka yi wa wannan gwaji, amma ya isa shaida cewa hadda sana'a ce da ake koya.

MAGANIN MANTUWA

Ajiya daban, tsaron abin da aka ajiye daban. Tun a 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya auna mantuwa a kan kansa, ya haddace gaɓoɓin da ba su da ma'ana, ya tarar bayan kwana ɗaya tak wajen kashi biyu cikin uku na wahalarsa ya zube. Ya kuma gano cewa bitar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka dunƙule a zama ɗaya. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis suka ƙara wani haske. Sun ba ɗalibai wani rubutu, waɗansu suka yi ta maimaita karanta shi, waɗansu kuwa suka karanta sau ɗaya, sa'an nan aka riƙa sa su rubuto abin da suka tuna. Bayan mako guda masu maimaita karatu sun riƙe kashi 40 cikin ɗari, waɗanda aka riƙa tambaya kuwa kashi 61. Ashe wahalar lalubo abu daga ka ita ce ke kafe shi.

A kan wannan ne iyaye da yawa ke amfani da tsarin akwatuna da Sebastian Leitner ya bayyana a Jamus a 1972. Gwangwani uku sun isa. A rubuta kowane al'amari a 'yar takarda, shekararsa a baya. Na gwangwanin farko a tambaye su kullum, na biyu bayan kwana uku, na uku mako mako. Takardar da yaro ya amsa daidai ta yi gaba, wadda ya kasa ta komo gwangwanin farko.

INDA GIZO KE SAƘA

Zuwa nan mai karatu zai ce to an gama, a raba wa kowa waƙa da gwangwani. A dakata tukuna. A 1596 wani limamin Kirista ɗan Italiya, Matteo Ricci, wanda ke zaune a birnin Nanchang na ƙasar Sin, ya rubuta littafi a kan dabarar ajiya a wurare, ya miƙa wa gwamnan lardin domin 'ya'yansa da ke shirin jarrabawar shiga aikin sarki. An ruwaito cewa babban ɗan gwamnan ya yaba ƙa'idojin, sa'an nan ya ƙara da cewa sai mai kaifin ƙwaƙwalwa ƙwarai ne zai iya aiki da su. Maganar yaron nan tana da gaskiya a cikinta. In siffofi suka yi yawa, nauyinsu kan danne abin da aka ɗora musu, yaro ya riƙa tuna Mansa Musa a madafi alhali bai san inda Mali take ba.

Waƙa ma tana da nata aibi. Yaron da ya haddace jeri da rauji, in ka tare shi ka ce me ya biyo bayan faɗuwar Rum, sau da yawa sai ya koma can baya ya rero har ya iso wurin. In kuwa ka ce masa me ya sa Rum ta faɗi, sai ya yi shiru, domin waƙar ba ta zo da wannan ba. Jeri yana gaya wa yaro abin da ya riga wani, amma ba ya gaya masa abin da ya haifi wani, kuma a nan ne tarihi yake.

A duba labarin takarda. A ƙasar Sin aka ƙago ta, ana danganta kyautata ta ga wani bafade mai suna Cai Lun a shekara ta 105. Ta bi ta Samarƙand ta iso Bagadaza, inda aka soma yin ta a ƙarshen ƙarni na 8, daga nan ta ratsa ƙasashen Musulmi har Andalus, sa'an nan ta shiga sauran Turai. Ba don arhar takarda ba da injin Gutenberg bai yi tasirin da ya yi ba, kuma ba don injin ba da rubuce-rubucen Martin Luther na 1517 ba su game Jamus cikin ɗan lokaci ba. Yaron da ya iya ba da wannan labari da bakinsa ya fi wanda ya haddace shekarun huɗu a warwatse, ko da ya manta ɗaya daga cikinsu.

Wannan ne ya sa wani ɓangare na masu koyarwa a gida suka fi karkata ga tafarkin Charlotte Mason, wata malama 'yar Ingila da ta wallafa littafinta na tarbiyyar gida a 1886. Ita tsarinta shi ne a karanta wa yaro labari mai daɗi sau ɗaya, a rufe littafi, a ce ya maido shi da kalmominsa. A makarantun da suka bi ta kowane yaro na da kundin ƙarnoni, ko wane ƙarni da shafinsa, duk abin da ya ci karo da shi a karatu sai ya je ya rubuta ko ya zana shi a inda ya dace. Mai lura zai ga cewa maido labari da ka shi ne ainihin abin da gwajin 2006 ya tabbatar da amfaninsa.

A ganinmu hanyoyin biyu ba kishiyoyi ba ne. Jerin da aka haddace tamkar dirkokin rumfa ne, labari kuwa shi ne zana da ciyawar da ke ba da inuwa. Amfanin dirkokin yana fitowa ne ranar da yaro ya ajiye abubuwa biyu kusa da juna ya ga zamaninsu ɗaya. A ɗauki shekarar 1804. A watan Janairu bayin da suka yi tawaye suka ayyana 'yancin ƙasar Haiti. A watan Fabrairu Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. A watan Disamba Napoliyon ya ɗora kambin sarauta a birnin Paris. Ranar da yaro ya gano wannan da kansa, ya tambaya ko waɗannan mutane sun ji labarin juna, ranar ya shiga karatun tarihi.

WA YA ZAƁI JERIN?

Saura magana mafi nauyi. Tun da dabarun nan suna kafe abu a ka har girma, wanda ya zaɓi abin da za a haddace ya zaɓa wa yaro siffar duniyar da zai ɗauka. Jerin ƙungiyar nan ta Karolina ya soma da labaran Littafi Mai Tsarki, a mako na 24 kuma yara na haddace sunayen shugabannin Amurka. Wannan daidai ne ga iyayen da suka tsara shi domin 'ya'yansu. Amma mahaifin da ya kwaso shi ɗungurungum daga intanet ya ɗora wa ɗansa a Legas ko Jos, ya sani aron idon wani ya yi masa.

Kada a ɗauki wannan ƙaramin abu. A 1963 wani shaihun malamin tarihi na Oxford, Hugh Trevor-Roper, ya fito fili ya ce Afirka ba ta da tarihin da za a koyar in ban da na Turawan da suka shige ta. Irin wannan ra'ayi ne su Kenneth Dike na Jami'ar Ibadan suka yi ta yaƙa, kuma don kawar da shi hukumar UNESCO ta ƙaddamar da aikin rubuta tarihin Afirka a 1964, aikin da aka fassara wani sashe nasa zuwa Hausa. Saboda haka in an ajiye jiragen Kolombus a randa, a ajiye kusa da su cewa a wannan shekara ta 1492 Garnaɗa ta faɗi a Andalus, Muhammadu Rumfa na kan gadon sarautar Kano, kuma shekara guda bayan haka Askiya Muhammadu ya karɓi mulkin Songhai. Haka nan a ba Sin da Hindu da daulolin Amurka na kafin zuwan Turawa nasu wurin. Tarihin duniya sai da duniya duka.

MU NAN GIDA

A ƙasarmu dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane mahaifi ya ga ɗansa ya halarci firamare da ƙaramar sakandare, saboda haka ga yawancin masu karatunmu zancen nan na darasin bayan an taso makaranta ne. Bukatarsa kuwa a fili take, domin wajen 2009 aka cire tarihi daga jerin darussan ƙananan makarantu, sai a 2022 Gwamnatin Tarayya ta yi shelar mayar da shi. Da yawa daga cikin matasan iyayen yau ba su zauna ajin tarihi ba, watau uwa da ɗa tare za su koya, kuma babu abin kunya a ciki.

Daɗin abin shi ne dabarun nan ba baƙi ba ne a wurinmu. Gardin da ke tilawa da asuba yana bitar abin da ya haddace, ya san maganin mantuwa tun kafin a auna ta a Jamus. Ɗalibin nahawu da ya haddace Alfiyya ta Ibn Malik ya san amfanin zuba ilmi a cikin baiti, ya kuma san cewa matani ba ya wadatarwa sai an zauna gaban malami an ji sharhi. Waƙar Bagauda ta riƙe wa Kanawa jerin sarakunansu. Har shekaru ma malamanmu na da hanyar kama su, watau ramzi, inda kowane baƙi ke da adadinsa. A lissafin da ake bi a ƙasarmu shin 1000 ne, ra 200, ya 10, ha ƙarami 8. In aka haɗa huɗun a kalma ɗaya an sami 1218, shekarar hijirar Shehu a ƙidayar Musulunci. Turawan Ingila ma sun yi irin wannan, domin a 1730 wani limaminsu mai suna Richard Grey ya wallafa littafin mai da alƙaluma haruffa don riƙe shekarun tarihi.

Shawararmu ga iyaye ita ce a soma da kaɗan. Al'amura goma sun isa wata guda, talatin ko arba'in sun isa shekara. Kowane al'amari a fara da labarinsa, a nuna wurin a taswira, sa'an nan a bar yaro ya zaɓa masa siffa da mazauni. Ga ƙaramin yaro sanin ƙarni ya wadatar, ainihin shekara ta biyo baya. Minti goma sha biyar kullum ya fi sa'a biyu ranar Lahadi. Kuma duk ranar da yaro ya kawo jerinsa daidai, kafin a yaba masa a yi masa tambaya ɗaya: me ya jawo wannan, ko me ya biyo bayansa? In ya amsa, madalla. In ya kasa, a rufe gwangwani a koma ga labari. A guji mai da yaro abin nuni a gaban baƙi, domin yaron da ya saba da tafi a kan hadda yakan ji tsoron tambayar da ba ya da amsarta a ka, alhali kuwa irin wannan tambaya ce ke buɗe hankali.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa ya dubi inda yake son reshen ya fuskanta.